Azumin Gwaggo

Har yau idan na ji ƙamshin tsamiya ana jiƙa ta don kunu, raina ɓaci yake yi. Kada ka ce na tsani kunun, ina sha. Gwaggo yake tuna mini, yayar Babanmu, wadda muka taso muka tarar a gidanmu na ƙauye, can bayan Tsafe.

Gwaggo ta girmi Baba, amma hankalinta bai bi shekarunta ba. Ba ta iya riƙe magana biyu a lokaci guda, kuma tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Sai dai abin da ta riƙe, ta riƙe ke nan. Kaka ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa yi mata magana daga tsaye ba. Sai ta zaunar da ita a tabarma, ta kama hannunta, ta faɗi abu ɗaya, ta sa ta maimaita. Da haka ta koya mata alwala da dama kunu, da haka kuma ta ɗaure mata maganin farfaɗiya a jikin salla: ƙwaya ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Isha'i. Idan azumi ya zo, Kaka da kanta take miƙa mata ta safen a lokacin sahur.

Azumi kuwa shi ne abin alfaharin Gwaggo. A cikinsa kaɗai take daidai da manya. Mu yara muna yin rabi muna laɓewa bayan rumbu mu sha ruwa, ita ko yawu sai ta tofar, ta kuma kai ƙararmu wurin Inna.

Kaka ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Azumin da ya biyo baya ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa ma yake ɗumi. Ana gab da ganin wata Baba ya kai Gwaggo asibiti a Gusau karɓo magani, aka tafi da ni don in riƙe mata hannu a mota. Ina tsaye ta dubi likitan ta ce, “Malam, in na sha wanga magani, azumina ya karye?”

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro, ya juya wurin Baba. Shi ya yi wa bayanin a mayar da na safe lokacin sahur, cikin sauri, rabi da Turanci. Gwaggo ta sake tambaya. Baba ya ce, “Ke bari, ba ki gane komi. Tashi mu tafi.”

A gida Baba ya miƙa wa Inna ledar magani ya fita kasuwa. Inna, da goyo a baya da tukunya a wuta, ta miƙa wa Gwaggo ta ce ta dinga sha kamar yadda ta saba. Bayanin likita ya tsaya a kan Baba, bai ƙarasa wurin mai shan maganin ba.

To ka ga halin da aka bar ta. An koya mata ƙwaya bayan Asuba. An kuma koya mata cewa bayan Asuba babu abin da ke shiga baki. Ta rasa wanda zai zauna da ita ya raba mata su, sai ta zaɓi azumi.

Ana cikin goman tsakiya, da la’asar, tana dama kunu, ciwon ya kayar da ita cikin murhu. Kafin Inna ta jawo ta, tukunyar ta kife mata a ƙirji. A asibiti, da aka kwance zanenta, aka ga ƙulli a gefensa cike da ƙwayoyin safe. Inna ta tambaye ta tana kuka. Ta ce, “Na aje su ne. In rama bayan Salla.”

Ba ta kai Sallar ba.

Yanzu abubuwa sun canza, ban musa ba. Ana yi wa masu ciwo bayanin azumi a rediyo, bangon asibiti cike yake da hotuna, kowa da waya a hannu. Amma ina zaune a Gusau, ina zuwa layin magani, ina kuma ganin irin su Gwaggo a kan benci ana maganarsu da wanda ya rako su, kamar buhun da aka kawo awo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ba da labarinta a gidanmu. Duk shekara sai wani ya ce Gwaggo baiwar Allah ce, ta tafi a wata mai alfarma, Allah ya ba mu irin ƙarshenta. Har Baba, da ya tsufa, yana faɗa yana share hawaye. Ina yi mata addu’a tare da su. Amma ina wurin ranar da baiwar Allahn nan ta yi tambaya sau biyu, da bakinta, a gaban mutum biyu da suka san amsar.