Kawu Jatau da Awon Hankali

Kun dai san Kawu Jatau, ƙanin babana, ba ya amsa gaisuwa sai ya auna mutum: "Tsaya! Yau kasuwar ina ke ci?" Ka faɗa daidai, ya miƙo hannu. Ka kuskure, ya matsa da buzunsa.

Majigi ne ya ja mana. Shekara biyu da samun mulkin kai aka nuna wani fim a Makarfi, na wani da aka kai kotu, likita ya ce ba ya cikin hayyacinsa, aka fasa shari'a. Turanci ne zalla. Ni da na yi aji uku a elemantare ban tsinci komai ba, amma Kawu ya dawo gida likita!

Malamin gona ya zo da takin zamani, bai san kasuwar da ke ci ran nan ba. Kawu ya ce, "Wayyo, yaro kyakkyawa! Jama'a, kar ku karɓi garin nan a hannunsa."

Wata rana Kawu da kansa ya kora jaki har Kudan cin kasuwa, ya tarar da rumfuna wayam. Muka ce, "Likita, yaya?"

"Gari guda ya zauce," in ji shi. "Abin tausayi."

To, shekarar sanƙarau na tashi daga ciwo kaina ba daidai ba, na cinna wa rumbun maƙwabcinmu wuta. Aka kai ni gaban alƙali a Ikara, kowa na cewa sai kurkukun Zariya. Kawai Kawu ya miƙe.

"Allah gafarta malam, a auna shi tukuna. Haka ake yi a majigi."

"Mu nan littafi muke bi, ba majigi ba."

"To littafin ya ce a hukunta wanda bai san ana hukunta shi ba?"

Alƙali ya ce to, a auna. Kawu ya jefo tambayarsa. An ce wai na amsa, "Kasuwar Makka, kuma ni ne sarkinta."

Aka damƙa ni a hannunsa. Wata huɗu ina zaurensa, da hannunsa yake ba ni tuwo, shi kuma ya gina wa maƙwabcin sabon rumbu.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya tsaya mini ranar da ban san sunana ba. Ya Rabbi, Ka tsaya masa.