Dukan da Na Yi wa Surukina a Hanyar Yashe

Shekarar da na yi aure ita ce shekarar da na sayi motata ta farko, kuma ba don Allah ya tsare ba da a cikinta aka yi jana'izata. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Katsina, muna zaune a gidan haya a Ƙofar Marusa ni da matata, tana da ciki wata bakwai. Wani abokina da ke Legas ya nemo mini wata ƙaramar mota 'yar Kwatano, ya bugo waya ya ce a zo a ɗauka. Ni kuwa tuƙina bai wuce na ranar Asabar ba, in ari motar wani malami in yi ta zagaya titunan GRA inda babu kowa sai itatuwa da masu gadi. Ko giya ta huɗu ban taɓa sakawa ba.

Niyyata in ɗauki direba a tasha. Sai na yi suɓutar baki na gaya wa matata, ita kuma ta gaya wa mahaifiyarta, kafin la'asar magana ta isa kunnen surukina a Ƙofar Durbi. Tsohon direban tanka ne, ya fi shekara talatin yana ɗauko mai daga kudu, kuma duk unguwar an san shi da tasowa daga Legas ba ya kwana ko'ina sai a Katsina. Ya aiko cewa ba zai zuba ido a damƙa wa baƙon hannu motar gidan ɗiyarsa ba, shi zai je da kansa.

Matata ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya kamawa. Ni kuma tun da aka ɗaura aure abin da ke haɗa mu bai wuce gaisuwa ba. In tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in tsugunna, in kafa ido a ƙasa, ya ce mini Malam, in ce masa Baba, in tashi in ba shi wuri. In na hango shi a kasuwa layi nake canzawa. Yanzu an ce ni da shi za mu rufe kanmu cikin mota ɗaya tun daga bakin teku har gida, kuma wane ni in ce a'a.

Zuwa bai ba ni wahala ba, don a babbar bas muka tafi, shi a gaba ni can ƙurya. Da muka karɓi motar ya buɗe gabanta ya duba mai da ruwa, ya ƙwanƙwasa tayoyi, sannan ya yi magana yana kallon wani gefe.

"Malam, muna sallar magariba za mu tashi. Kudu a yi ta da dare, hanyarmu ta gida kau sai da rana. So nike mu wuce Malumfashi rana ba ta hwaɗi ba."

Na san abin da yake nufi, kowa ya san yadda ake tare mutane a dajin nan in yamma ta yi. Na buɗe ƙofar baya zan shiga don girmamawa, ya ce, "Dawo gaba, ni ba direban kwamishina ba ne." Haka na zauna a kujerar da kowa ya san aikin mai zamanta, wato jan direba da hira kada barci ya sace shi. An ɗora wannan aiki a kan mutum ɗaya tak a duniya da ba zai iya yinsa ba.

Gaskiya a faɗe ta, tsohon ya iya tuƙi. Dare ya raba, ya kuma ƙare, hannunsa bai ko girgiza ba, goro kawai yake ɓantara yana taunawa. Asuba ta same mu a Lakwaja, inda ya saya mana shayi da burodi, na zagaya bayan mota na kwankwaɗe nawa a tsaye kamar ɓarawo, don ba zan ci abinci a gabansa ba. Muka wuce Abuja da hantsi, muka ratsa Kaduna rana na tsaka. In an haɗa duk kalmomin da muka yi a wannan tsakanin ba za su cika layi biyu na littafin ɗalibi ba.

A Zariya muka sha mai, muka yi sallar azahar muka haɗa da la'asar, irin ta matafiya. A wurin alwala na saci kallonsa, na ga idanunsa sun kaɗa sun yi jajir, ya gama alwala kuma ya ci gaba da watsa wa fuskarsa ruwa. Mutumin da ya haura sittin, rabonsa da kwanciya tun shekaranjiya. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ya ce, "Yawwa, Malam. Ko ka gaji?"

Na ce, "A'a Baba, ko kaɗan."

Ya ɗan tsaya da makulli a hannu, sannan ya ce to, mu tahi.

Mun bar Giwa kaɗan na fara lura. Motar sai ta yi gudu, sai ta lafa, sai ta sake zabura. Na dube shi ta wutsiyar ido na ga kansa ya yi ƙasa a hankali, ya ɗago da sauri, ya gyara zama. Can kuma sai na ji tayar gefena ta sauka kan tsakuwa, ƙarrr, ya fizgo ta ya mayar kan kwalta. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Babu dabarar da ban yi ba, in ban da wadda ta kamata. Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Na sauke gilashi don iska ta buge shi, ya ce in ɗaga, hayaƙin manyan motoci na shigowa. Na kunna rediyo, ba ta kama komai sai shuuu. Na riƙa yin salati da ɗan ƙarfi, sai ya amsa da muryar mai barci ya koma inda yake. Na so in fake da salla, na tuna mun riga mun haɗa la'asar tun Zariya. Saura in ce zan kama ruwa, to da wane baki zan gaya wa surukina fitsari nake ji?

Maganar da ta dace gajeriya ce: Baba, ko za mu ɗan huta? Na jera ta a zuciyata ya fi sau ɗari. Amma duk ta inda na juya ta, abin da take cewa shi ne ka tsufa, ka kasa, ga shi har mijin ɗiyarka ya gani. Sai na ce in mun kai Funtuwa zan faɗa. Muka shiga Funtuwa, cunkoso da 'yan acaɓa suka wartsakar da shi, har ya leƙa ya yi wa wani mai amalanke faɗa, na ce alhamdu lillahi, abin ya wuce. Muna fita gari kansa ya sake sunkuyawa. Na ce to sai Bakori. Daga Bakori na ɗaga zuwa Malumfashi. Ni da nake daka wa aji guda tsawa su yi tsit, ga ni zaune da digirina ina kallon ajalina yana gyangyaɗi, na kasa buɗe baki. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Wajen Malumfashi wayata ta yi ƙara, na duba na ga matata ce. Ba zan iya amsa ta a gaban mahaifinta ba, sai na katse. Ta turo saƙo tana tambaya mun kawo ina. Ina karantawa abin ya faɗo mini a rai ƙarara: in motar nan ta ƙwace, gawa biyu za a sauke mata rana ɗaya, ta mijinta da ta ubanta, ga tsohon ciki. Na ga tabarmin zaman makoki a Ƙofar Marusa da Ƙofar Durbi, na ga mutane suna rasa gidan da za su fara zuwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Duk da haka, wallahi, ban yi magana ba.

Saura kaɗan mu kai Yashe hanya ta miƙe sak, babu rami babu kwana, rana ta karkato tana dukan gefen fuskarsa. Can nesa na hango tirelar shanu ta nufo mu. Motarmu ta fara zamewa hagu sannu a hankali, ta taka tsakiyar titi, ta haye hannun masu zuwa. Mai tirela ya kunna fitilu, ya danna ham. Na juya na dubi surukina sosai, karo na farko tun da na san shi. Haɓarsa na kan ƙirjinsa, idanu a rufe, bakinsa a ɗan buɗe, ƙafarsa kuwa na kan totur.

Kun san abin da na fara yi? Cewa na yi, "Baba," a hankali, cikin ladabi, kamar mai sallama a ƙofar ɗaki.

Sai da na ga ƙahonin shanu ta saman tirelar sannan wani abu ya tsinke a cikina. Na ɗaga hannu na zabga masa duka a kafaɗa iya ƙarfina, na ce, "Kai! Tashi!" Ɗaya hannun kuma na cafki sitiyari na fizgo dama. Ya farka a firgice ya taka birki. Tirelar ta wuce ta jikinmu da iska da warin shanu, na ji tas, madubin gefensa ya tafi. Motar ta yi tangal-tangal, ta sauka daga kwalta, ta ja ƙasa har bakin wata gona, ta tsaya ƙarƙashin wani bedi, wato darbejiya, ta mutu.

Hularsa ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, na ga furfurar kansa da ban taɓa gani ba. Ya sunkuya ya ɗauka ya sa. Ya fita ya dubi gurbin madubin, ya zagaya motar, ya buɗe ƙofar baya ya kwanta ya naɗe ƙafafu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Makulli na jiki."

Na koma mazaunin direba, sau biyu motar tana mutuwa a hannuna kafin in hau da ita titi. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka sage, ina tafiya a giya ta uku, masu babur ɗauke da buhuna suna wuce ni suna waiwaye. Duk babbar motar da ta tunkaro sai in rage gudu in raɓe gefe ina kalmar shahada. Rana na ta sauka, ni kuma ina lissafin garuruwa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Caranci. Ga wani tsoron kuma ya hau kan na farko: na daki surukina, na ce masa kai. Ban taɓa jin wanda ya yi haka aurensa ya kwana lafiya ba. Shi kuwa yana baya yana ta munshari.

An idar da sallar magariba muka shiga Katsina. Yadda na ratsa shataletale da cunkoson gari ban sani ba, na dai ga kaina a ƙofar gidansa. Dattawan da ke zaune a dakali suka taso da murna, suna cewa Alhaji an iso, har yanzu da sauran ƙarfi. Da suka ga ni ne a mazaunin direba sai muryoyin suka ragu. Ya fito daga baya ya gaisa da kowa, wani ya tambayi madubi, ya ce hanya ce. Sannan ya ce, "Malam, shigo."

Na tsugunna a zaure, na fara cewa, "Baba, don girman Allah ka yafe mini, ban san lokacin da hannuna..."

Ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

"Bar ba ni haƙuri, Malam. Tun Zariya idona ke ruhewa. Na san kana gani. Ina ta jira ka ce mu tsaya in samu abin hwakewa da shi, don ni bakina bai iya ce ma mijin ɗiyata na gaji." Ya shafa kafaɗar da na daka. "Kar ka hwaɗa mata sai ta sauka lahiya."

Na ce to, Baba. Ina tsugunne na lissafa, daga Zariya zuwa gindin bedin nan tafiyar awa uku ce. Awa uku muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa na jiran ɗaya ya fara magana, mota na gudu da mu. Na so in miƙe, sai na zame na zauna daɓas a gabansa na fashe da kuka, shi kuma bai ce in tashi ba.