Sifirin ɗin Delbert da Bayan Verna

Delbert Haskins mutum ne da bai iya zama da damuwa shiru ba, sai ya tauna ta ya kuma taunawa. Tun da ya ajiye aikin famfo a garinsu da ke jihar Idaho, abu biyu suka rage masa a duniya: matarsa Verna, da tsohuwar a-kori-kurarsa.

Duk kaka danginsu kan haɗu a bakin tafki a can kan duwatsu, a kafa tanti. Bana kuwa an yi wa Verna aiki a ƙashin baya, kwanan ƙasa ya haramta. Sai Delbert ya sayo ɗakin tafi-da-gidanka mai gado, irin wanda ake ɗorawa a bayan mota. Yana ɗaura shi, bayan motar ya zauna daɓas, hancinta ya ɗaga sama kamar akuya mai cin ganye. Da ya gwada ta a titi, sitiyari ya riƙa yawo a hannunsa.

"Ƙara mata sifirin ɗaya na ƙarfe a ƙafafun baya, malam, ka huta," in ji Royce, ƙanen Verna, wanda bai taɓa rasa shawara ba. "Ƙarfe ba ya faci."

Wani bakanike kuma ya ce a sa jakar iska ta roba: in da kaya ka hura, in babu ka sace. Roba? A kan dutse? Delbert ya hango ta ta fashe a gangara, Verna na ciki. Ya zaɓi ƙarfe.

Motar ta miƙe tsaf, Royce har da tafi. Abin da babu wanda ya tuna, wannan motar ce dai ke kai Verna asibiti duk mako, an sauke ɗakin, babu kaya, a kan hanyar tsakuwa. Sifirin da ba a danne shi ba kuwa ba ya da tausayi. Kowane rami sai da ya isa ƙashinta. Ba ta ce uffan ba. A ƙofar asibiti ne ta kasa sauka, ta riƙe murfin mota, leɓenta da jini don cizo.

"Haba Verna! Ki yi magana mana!"

"Ka yi ta murna da motar, tsoho," ta ce. "Kuma in likita ya ji, ba ni ba tafki."

Kunya da tsoro suka rufe shi. Washegari ya cire ƙarfen, ya sa robar da yake tsoro.

Ranar tafiya ya duba iskar robar, ya zaga, ya sake dubawa, har Royce ya gaji da danna hon. Ya hau hanya, kunne ɗaya na sauraron roba, ido ɗaya na kan leɓen Verna. Ramin farko ya zo, ya wuce.

"Ya yi zafi?"

"A'a."

"Verna, wancan karon ma shiru kika yi."

Ta kamo hannunsa ta ɗora a bayanta, daidai wurin ɗinkin.

"To kai ka ji da kanka," ta ce. "Ga wani ramin can."