Ƙusar da Mainasara Mai Hoto Ya Bari a Bango

Duk Talata da Asabar, kafin rana ta yi zafi, Malam Mainasara Mai Hoto zai rufe shagonsa a nan Daura, ya rataya kyamara, ya hau wani tsohon babur da sai an lallashe shi yake tashi. Yau Sandamu, gobe ƙauyukan Zango, wata rana har Mai'adua. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Shagona na littattafai yana jikin nasa, don haka ni nake ba masu neman hoton fasfo haƙuri. Na sha tsokanarsa: "Malam, wa zai sayi hoton mai jan guga?" Sai ya yi murmushi ya tafi abinsa.

Mutanenmu na karkara, da ka ɗaga kyamara sai su ce ka dakata. A shiga ɗaka a sako kayan Sallah, a tsaya ƙiƙam kamar soja. Mainasara ba ya gardama. Zai ɗauki wannan, ya wanke, ya kai musu har gida. Sai an saba yake roƙon na biyu, na mutum a bakin aikinsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya nuna wa kowa hoto sai mai shi ya gani ya yarda.

Bana idonsa ya fara rauni, ya ce kafin ya ajiye kyamara zai baje kolin hotuna arba'in a zauren wata makaranta. Wanda ya fi so a duk aikinsa shi ne na Gwaggo Kulu, wata dattijuwa a ƙasar Sandamu, tana shiƙar gero. Ta ɗaga ƙwarya sama, zaninta ya koɗe, tana dariya da giɓinta a waje. Tsakiyar bango ya ware masa. Da ya kai mata ta gani, sai ya tarar ta rasu tun da damina. Ɗanta Amadu da ya ji irin hoton, bai ma bari an zaro shi daga jaka ba.

"Haba Malam! Uwata da tsumman aiki a gaban mutanen birni? Su ce mun kasa tufatar da ita? Ban yarda ba."

Wallahi ni haushi na ji. Na ce, "Malam, rataya abinka, wa zai je ya faɗa masa?"

Ya ce, "Ni zan sani, Hafizu."

Ranar buɗewa hoto talatin da tara ne a bango, ƙusar tsakiya kuwa ba komai a kanta. Bayan azahar sai ga Amadu, ya rako maƙwabtansa da suka zo ganin nasu. Ya bi bangon a hankali, yana satar kallon mutanen birnin da yake tsoro. Ba mai dariya. Wani dattijo ma ya daɗe a gaban hoton mata masu sussuka yana share ido da hannun riga.

Amadu ya nuna ƙusar. "Nan fa, Malam?"

"Wurin Gwaggo ne. Ba ka yarda ba, sai na bar mata wurinta."

"Mu gani."

Mainasara ya zaro hoton daga jaka. Amadu ya karɓa, ya ƙura masa ido har na zaci zai mayar. Can ya ce, "A hotonta na kayan Sallah da ke ɗakina kamar baƙuwa ce. Wannan ce Innata." Da hannunsa ya rataya shi. Ni da na ba da muguwar shawara, kunya ta rufe ni.

Malam Mainasara, kai ne mai ido da kunya. Kai ne ka yarda ka rasa hoton da ka fi so ranar da ka fi buƙatarsa, don kada ka ci amanar matar da ba ta da bakin magana. Mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya jiƙan Gwaggo Kulu.

Mu kuma da muka cika aljihu da wayoyi, muna ɗaukar bayin Allah a kasuwa muna watsawa ba sallama, mu je zauren nan mu duba hoton tsakiya. Ya ɗan karkace. Mainasara ya hana kowa gyarawa, ya ce haka ɗanta ya rataya shi.