Malama Me-Ya-Sa da Ɗakin da Na Kulle

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana tsakiyar darasi na biyu, mijinki ya kira ni a waya ya ce Allah ya karɓi abinsa da asuba, bayan jinyar wata uku. Na fito bakin ofis ina kallon azuzuwa, na rasa wanda zan fara gaya wa. Shekara goma sha ɗaya ina hedimasta kina malamar lissafi a makarantarmu, amma a cikin wata ukun nan ban taka ƙafa na duba ki ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce.

Yara ne suka laƙaba miki Malama Me-ya-sa, domin ko amsa ta yi daidai ba kya ƙyale yaro sai ya faɗi dalili. Ina tuna ranar da aka kawo mini 'yar tela, 'yar aji huɗu da malamai suke kira Aku saboda surutu. Laifinta shi ne ta gyara wa malaminsu kuskure a allo gaban 'yan aji. Na sa ta durƙusa a baranda. Kika zo wucewa, kika tsuguna kusa da ita, kika rubuta mata tambayar 'yan aji shida a bayan wata takarda. Kafin in gama sa hannu a rajista ta warware. Kika shigo kika ce mini yarinyar nan ba rashin kunya ke damunta ba, zaman jira ne ya ishe ta, kuma yaron da ya riga 'yan ajinsu ganewa shi ma an bar shi a baya, sai dai ba wanda ke lura.

A ranar kika roƙi ɗakin da muke jibge karyayyun bencina. Da kanki kika share shi, kika sa kafinta ya haɗa benci huɗu daga cikin tarkacen. Bayan an tashi, nan kike tara irin waɗannan yaran. Akwai yaron da ya kwance agogon bangon ofishina ya mayar, har agogon ya daina latti, abin da mai gyara ya kasa. Akwai mai in'ina wanda ba ya buɗe baki a aji, amma in ya riƙe biro sai ka rantse babba ne. Wanda iyayensa suka ce dawowa gida a makare ba ta yiwuwa, ke kike raka shi har ƙofa ki ba su haƙuri.

Sai aka yi taron iyaye da malamai. Shugaban iyaye, wanda ɗansa ya leƙa ɗakin sau biyu ya gudu don ƙwallo ta fi masa, ya miƙe ya ce kina nuna son kai, kin ware 'yan lele kin bar 'ya'yan mutane. Na san ƙarya ne. Na san ƙofar a buɗe take ga duk yaron da ya zo, kuma safiyar Asabar ta waɗanda karatu ke yi wa wuya ce. Kika juyo kika dube ni, kina jiran in yi magana. Na sunkuyar da kai ina jujjuya takardu, domin ba na son abin da zai taɓa mini kujera. Washegari na sa aka canza kwaɗon ɗakin.

Kika same ni a ofis, ba ki ɗaga murya ba. Cewa kawai kika yi, “Hedimasta, littattafan yaran suna ciki. A ba ni su, ɗakin kuwa na makaranta ne.”

Kika mayar da ajin barandar gidanki. Bayan shekara biyu 'yar tela ta zo ta ɗaya a gasar lissafi ta makarantu. Ni aka kira kan mumbari, ni na karɓi kofi, ni aka ɗauka hoto. Da aka miƙo mini abin magana na ce wannan ƙoƙarin hukumar makaranta ne. Kina layin baya kina tafi, har da murmushi. Wallahi sunanki ya zo bakina, na haɗiye shi, don in na ambace ki sai an tambayi inda kike koyar da su.

Tun daga nan nake cewa gobe zan nemi gafararki. Da kika kwanta ciwo na ce bari ki ɗan warware tukuna. Wata rana har na kai bakin layinku, na juya.

Da na je gaisuwa, mijinki ya ja ni gefe ya miƙo mini wani fayil. Ya ce a makon ƙarshe, da hannunki ya daina riƙe biro, ke kike faɗa babbar 'yarku tana rubutawa. Sunayen yara bakwai ne da suke makarantarmu yanzu, kowanne da abin da ya iya, da abin da yake tsoro, da wanda ya kamata a yi wa magana a gidansu. Na tambaye shi ko kin bar mini wani saƙo ban da wannan. Ya ce kin ce, “A kai wa Hedimasta. Ya san yaran, zai kula da su.” Na tambaya ko kin taɓa kawo masa ƙarata. Ya dube ni da mamaki, ya ce ƙarar me? Ashe ko shi ba ki gaya wa dalilin dawowar ajin gidanku ba. Ni na zauna na gaya masa da bakina, a gaban 'ya'yanki.

Shi ya sa na rubuta wannan, domin duk wanda ya ga hotona da kofi ya san aikin ba nawa ba ne.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya yalwata makwancinki, ya sa ilimin da kika shuka ya riƙa iske ki har ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana da tsufanta, da ɗalibanki na da da na yanzu. Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ina roƙonku, tunda ita ban samu na roƙe ta ba, ku yafe mini a madadinta.