Farantin Kulash-apa

A falon Kulash-apa, a hawa na uku na wani bene mai kallon kogin Irtish a garin Oskemen, akwai kabad ɗin gilashi. A cikinsa, tsakanin kwanukan shayin baƙi da hoton marigayi mijinta, akwai ɗan farantin tangaran mai shuɗin baki. Babu komai a kansa. Shekara goma sha shida tana goge shi duk ranar Asabar.

Farantin na ɗanta Jandos ne. Ranar da wata ƙungiyar hokin ƙanƙara ta ɗauke shi, yana ɗan shekara goma sha tara, maƙwabciyarta ta ba ta labarin al'adar 'yan wasa. Duk ran da mutum ya fara zura faifan robar da ake wasan da shi a raga, abokansa za su ciro faifan, su naɗe gefensa da farin salatif, su rubuta kwanan wata, shi kuma ya kai wa uwarsa. A ranar Kulash-apa ta wanke farantin ta ajiye.

Abin da maƙwabciyar ta manta ba ta faɗa ba shi ne, nata ɗan ɗan gaba ne. Jandos kuwa ɗan baya ne, kuma a cikin 'yan bayan ma irin wanda ba ya ƙetare tsakiyar fili sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Tun yana ƙarami haka yake, ga faɗi ga nauyin ƙafa. Kocinsa na farko ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Kai tsaya can gaban gola, kada ka bar kowa ya wuce." Jandos ya ji maganar, ya riƙe ta har girma. Gwanintarsa ɗaya ce. Idan abokin hamayya ya ɗaga sanda zai sheƙo faifai, sauran mutane kaucewa suke, shi kuwa sai ya zube a gabansa. Faifan nan daskararre ne kamar dutse. Ya ci masa haƙora huɗu, ya karya masa hanci sau biyu, ƙwaurinsa kuwa ko matarsa ta daina tambaya. 'Yan ƙungiya suka sa masa suna Katifa.

Ba wanda ya kai Fedya, golan ƙungiyar, son sa. Shekara goma sha ɗaya suna tare, kuma duk ran da Jandos ya tare bugu da yawa, washegari Fedya zai zo masa da ƙyafaffen kifi a naɗe cikin jarida.

"Ungo, Katifa. Jiya ko gumi ban yi ba."

"Wata rana zan kauce, in ga ko kana da amfani."

"Kauce? Kai da juyawa ma sai an ba ka sanarwar kwana biyu?"

Jandos yana son aikinsa. Yana son ƙarar takalmi a kan sabuwar ƙanƙara, da warin ɗakin canza kaya wanda ba mai iya jure shi sai ɗan gida, da doguwar tafiyar bas cikin dusar ƙanƙara ana karta a baya. Abu ɗaya ke tsaya masa a rai, wato zuwa shan shayi gidan uwarsa. Kujerarsa tana fuskantar kabad ɗin. Kulash-apa ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, ta ce ba za ta zauna tana gani ana jifar ɗanta ba. Ba ta kuma taɓa yi masa gori ba. Sai dai ta zuba masa shayi da madara, ta turo masa soyayyen baursak, irin fankensu, ta ce, "Ɗana, yaya aikin?"

"Lafiya lau, Apa. Mun ci uku da ɗaya."

"Madalla. Su wa suka zura?"

Ya lissafa mata. Ta gyaɗa kai, ta ƙara masa shayi.

Yana shekara talatin da biyar gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Ya gaya wa koci Arkadi Lukich cewa wannan kakar ce ta ƙarshe. Ya kuma yi kuskuren ba Fedya labarin farantin, kafin azahar kowa ya ji. Daga nan ƙungiya ta ɗaura aniyar sai Katifa ya ci. Ko ɗan gaba na gaban raga shi kaɗai, sai ya waiwayo yana neman Jandos. Jandos ya buga, ya sami ƙarfen raga. Ya buga, ya sami gilashin da ke bayan raga. Sau ɗaya ya sami alƙalin wasa a mazaunai. Wani lokacin kuma hannunsa da ya saba sai ya mayar wa mai ba shi tun kafin ya tuna.

"Katifa," in ji Fedya, "ragar nan fa ba ta cizo."

Haka aka zo wasan ƙarshe, ranar Lahadi da rana, wanda ya ci shi ke da lambar tagulla. Suna fitowa Jandos ya hango farin kallabi a layi na biyar. Kulash-apa ce, da jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

Saura daƙiƙa hamsin a tashi suna gaba da ci biyu da ɗaya. Baƙin da suke karawa da su suka cire golansu suka sa ɗan wasa na shida a madadinsa don neman ramawa, ragarsu ta zama wayam. Lukich ya nemi hutun rabin minti, ya tara su.

"Jandos, ka haura gaba ka tsaya wajen shuɗin layin da ke ɓangarensu. Duk wanda ya sami faifai ya jefo maka. Raga ba kowa, ko kakata za ta zura."

Jandos ya dubi ragar can nesa, ya dubi farin kallabin. Sannan ya dubi dogon ɗan bayan baƙin, wanda bugunsa ke fasa sanda.

"Arkadi Lukich, to wa zai tsaya gaban Fedya?"

"Za a samu."

"Ba za a samu ba. Yaran nan runtse ido suke yi."

"Kai jaki ne," in ji Fedya ta cikin hular ƙarfensa. "Tafi abinka, zan iya."

"Shekara goma sha ɗaya ban ga alama ba."

Ya koma inda ya saba. Aka saki faifai, baƙin suka same shi, suka yi ta zagaye da shi har ya isa wurin dogon nan. Ya ɗaga sanda har sama da kansa. Jandos ya zube. Faifan ya same shi a ƙwaurin dama da wata ƙara kamar an sari itace, ya kifa fuska a ƙanƙara yana ambaton Allah.

Yana nan kife ya ji filin ya yi tsit, sannan ya ji ihu ya fara tashi a hankali, yana ƙaruwa, har ya fashe gaba ɗaya da ƙahon da ake busawa in an ci. Kafin ya ɗago, mutum huɗu sun faɗo masa a baya.

"Wa ya ci?" ya tambaya daga ƙarƙashinsu.

Mai sanarwa ne ya ba shi amsa, ya kira lambarsa da cikakken sunansa. Faifan da ya daki ƙwaurinsa ya koma baya, ya tsallake sandar mai bugun, ya kama hanya shi kaɗai har ragar da ba kowa. Fedya, da kayansa masu nauyin buhu, ya ratsa filin tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya ciro faifan da hannunsa.

Washegari Jandos ya hau hawa ukun nan yana ɗingishi. Kulash-apa ta karɓi faifan, ta karanta rubutun Fedya a kan salatif, ta shinshina.

"Warin taya yake yi," ta ce. Ta buɗe kabad ta ɗora shi a kan farantin, ta ɗan juya shi don kwanan watan ya fuskanci kujerar baƙi.

"Apa, gaskiya fa ban ma gani ba. Ina kwance."

"Na sani. Ni na gani." Ta jawo butar shayi. "Zauna in ba ka labari. Faifan nan tafiya yake a hankali kamar kai, mutum biyu na bin sa, ni kuma ina tsaye ina ce masa, yi sauri ɗan nan, yi sauri."