Furen da Ya Ɓoye Jini

A zamaninmu, macen da ta isa a Wudil ba ta zuwa biki da farin haƙori. Sai ta goge shi da furen taba, ta bi da goro, baki ya yi jawur. Ni kuwa ga wushirya, don haka ba na wasa da fure. Shi ya cuce ni, wallahi. Shekara da shekaru dasashina na zubar da jini, ina tofarwa ina cewa goro ne.

Da wushiryar ta fara buɗewa, yayata har guɗa ta yi. "Ke dai kullum ƙara kyau kike!" Ashe haƙoran ne ke rabuwa don gindinsu ya ruɓe.

Ranar da na gatsi rake na ji na gaba ya motsa kamar turken da akuya ta jijjige, hankalina ya tashi. Kanwa, kanumfari, ruwan gishiri, saiwar wani mai magani a Utai, babu abin da ban gwada ba. Baki sai wari, har na koma magana ta bayan mayafi.

Maigidana ya sa ni a mota muka haye gada sai Kano. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, albashi ya ƙaru, gani yake babu abin da zai gagare shi. Aka tura mu wurin likitan da dasashi ne aikinsa. Ya kankare furen, ya riƙa zura wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da nama, ƙarfen na nutsewa.

"Likita, don girman Allah ka bar mini huɗun nan na gaba," na ce, ina kuka. "Ko da waya ce ka ɗaure su."

Maigidana ya ce, "A sa mata na zinare, irin na Makka."

"Malam, a kan haƙori ake ɗora zinare, haƙori kuma ƙashi ke riƙe shi. Ƙashin ya cinye. Na cikin zan iya cetowa. Da tun jinin farko kuka zo..."

Jinin farko! A ina na gan shi?

Ya cire su duka huɗun. Muka dawo da la'asar, bakina cike da auduga. Yayata na tsakar gida tana jirana. Ta ɗauka wanke su kawai aka yi. Ta kwance bakin zaninta, ta miƙo mini sabon fure.